Zalɓe da Tudun Makera

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma kada wanda ya ce mini tuwo ne ya yi mini yawa, don da ƙyar na taɓa kwanon. Da ɓacin rai na kwanta, shi ne ya bi ni har can.

Bari in fara da abin da ya ɓata mini ran. Ina da keken tsere, siriri, mai lanƙwasasshen hannu, ruwan toka, ina kiransa Zalɓe. Tun ina koyarwa a firamare nake hawansa. Yanzu na yi ritaya, na haura sittin, amma duk Asabar sai na fita da 'yan keken garinmu mun hau Tudun Makera mun dawo. A tayar bayansa akwai giya, wato faya-fayai masu haƙora a jere, daga ƙarami zuwa babba. Ƙaramin na gudu ne a miƙaƙƙiyar hanya. Babban kuwa shi ne abokin tsoho, in cen, wato sarƙar keken, ya hau kansa feda takan yi laushi, ka hau tudu kana zaune a sirdinka da mutuncinka. To tun da damina ta faɗi zaurenmu ya fara yoyo, na koma jingine Zalɓe a ƙarƙashin rumfar famfo, sai cen ya ɗauki wani sabon hali. Ya yi ta ƙarat-ƙarat, ya tsallake haƙori, in na tura shi babban faifai ya leƙa ya dawo. Ni na ɗauka danshi ne ya kama shi.

Asabar da ta wuce, a tsakiyar tudu, ya ƙi hawa ƙememe. Gwiwa ta ce ba da ita ba, na sauka na tura. Wani ɗan albarka ya ɗauke ni hoto ina turawa baki buɗe, hoton ya riga ni isa gida. Kafin la'asar sai ga autanmu Munzali, wanda ke aikin jinya a asibiti, da abin awon jini a hannu. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabinsa, sannan ya ce Baba lokacin keke ya wuce. Na ce keken ne ba shi da lafiya, ba ni ba. Muka ja, muka ja, har zuciya ta ɗebe ni na faɗa a gaban uwarsa Ladidi cewa in na sake sauka a Tudun Makera ranar Asabar mai zuwa, ya zo ya ɗauki Zalɓe ya kai inda ya ga dama. Ya ce ya ji. Asabar ɗin kuwa ita ce yau.

Jiya wuni na yi a kansa. Na wanke cen da kananzir, na sa sabuwar wayar giya, na murɗa duk abin da ke murɗuwa, a banza. Sallau mai gyaran keke ya leƙo ya ce magani ɗaya ne, a cire tarkacen giyar nan, a datse cen, a mai da shi gudu ɗaya irin na masu kai itace kasuwa. Na ce ya fitar mini da gudumarsa daga gida tun muna mutunci. Haka na kwanta.

Sai na gan ni da rana tsaka a bakin wata ƙofar gari, ina riƙe da Zalɓe. Ƙofar a tsaye take ita kaɗai, babu ganuwa a hagu babu a dama, amma kowa layi yake bi yana shiga ta cikinta, ni ma na bi. Mai tsaron ƙofar wata zabuwa ce da hular sanyi. Ta ce in buɗe baki, na buɗe. Ta duba haƙorana a tsanake, ta zagaya ta duba na tayar Zalɓe, ta dawo ta ce nasa sun fi nawa yawa nesa ba kusa ba, kuma a ƙasar nan doka ba ta yarda abin hawa ya fi mai shi haƙora ba. Duk wanda haƙoransa suka fara zubewa, ana rage wa kekensa su yi daidai.

Na ce wace irin doka ce wannan, da haƙori ake taka feda? Ta ce ita ba ta yi dokar ba, ƙyanƙyashe ta aka yi ta tarar da ita. Amma akwai sassauci ɗaya. In na hau tudun garin ba tare da ƙafata ta taɓa ƙasa ba kafin inuwoyi su dawo daga kiwo, doka ba ta hau kaina. In suka dawo ban hau ba, a datse cen. Sai a lokacin na lura babu mai inuwa a garin, har ni, tawa ta bi garke tun a bakin ƙofa.

Da zan wuce ta dube ni da ido ɗaya, ta ce, “Sannu, Baba.”

Na ce yauwa. Ƙasa ta ɗan motsa a ƙarƙashin ƙafata, ban kula ba.

A teburin mai shayi na sami tudun. Tudun Makera ne da kansa, na gane shi da ganin farko, da duwatsunsa da turakun lantarkinsa, ya rataya kwalta a kafaɗa kamar tawul, yana zaune a benci yana tsoma burodi. Mai shayin yana shekawa daga kofin ƙasa zuwa kofin sama, ko ɗigo ba ya zuba, kuma da sifana ta kwance noti yake motsa madara. Na yi sallama, Tudu ya amsa, ya matsa mini. Na ce ba zama ya kawo ni ba, hawansa na zo yi.

Ya ce shi ba shi da wata gaba da ni. Shekara nawa ina bi ta gadon bayansa, ya san nauyina, ya san inda nake tsaki, ya san kwanar da nake ambaton Allah. Ya ce in duba da kyau, da can shi ɗan tozo ne kawai, mutane ne ke ciyar da shi. Na ce da me? Ya ce duk wanda ya dube ni da idon tausayi ya ce mini sannu, ni kuma na amsa, shi Tudu ne ke ƙoshi.

Kafin in ce wani abu mai shayi ya miƙo mini kofi ya ce sannu da ƙoƙari Baba, ai kun yi zamaninku. Wallahi ban yi niyya ba, bakin ne ya saba, yauwa ta fita da kanta. Benci ya ce ƙas, kan Tudu ya huda rumfa ya wuce sama, ya ba mai shayi haƙuri. Na ajiye kofin ban sha ba.

Sai ga ni na ƙanƙance kamar cinnaka, ina tsaye a kan ƙaramin faifai a cikin tayar baya. Daga nan faya-fayan sun zama matakalar bene. Babban yana can sama, an share shi, an shimfiɗa tabarma, ba kowa a kai. Cen yana kwance a matakin da ke ƙarƙashinsa yana haki, sai warin kananzir yake.

Na hau na same shi, na ce kai mara kunya, me na tsare maka? Ya ce shi bai san komai ba, inda aka tura shi nan yake zuwa, kuma wankan da na yi masa jiya ya isa haka, ko ango ba a yi wa irinsa. Ban yarda da bakinsa ba. Na bi gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya ko akwai wadda ta sandare, duk suna lanƙwasa lafiya. Na ja shi daga jikin haƙora in ga ko tsufa ya sa ya saki, bai saki ba. Ya ce tunda na gama laluben, in je in tambayi waya.

Waya tana miƙe tun daga hannun keke har baya, ta yi tsam kamar tsirkiyar gurmi, muryarta ta siranta saboda jan da na yi mata. Ta ce jiya na wahalar da ita a banza. In na ƙara mata ƙarfi cen ya zauna daidai a tsakiya ya rikice a ƙasa, in na sassauta ya daidaita a ƙasa ya rikice a sama. Ta ce in gyaran wani wuri yana ɓata wani, to ba ja ba ne matsalar, in nemi abin da ya karkace. Na ce ke da na sayo jiya jiyan nan, ke za ki koya mini keke? Ta ci gaba da rawar sanyi.

Can gefe kuma ga wasu tsofaffin sukurori biyu a zaune kusa da juna, masu gadi ne, ɗaya yana hana cen faɗawa cikin sifok, wato siraran ƙarafan taya, ta sama, ɗaya yana hana shi zamewa waje ta ƙasa. Na ce wa na saman ko shi ne ya rufe hanya? Ya ce haba Malam, jiya ka kwance ni har na kusa fita daga ramina, in ka ƙara sai cen ya shige cikin taya a tsince ka a kwalbati. Gaskiyarsa ce, na sani, shi ya sa abin ya ƙara ba ni haushi.

Saura ƙafar giya, wato ƙarfen nan mai 'yan ƙananan tayoyi biyu da ke reto a gefen dama, wanda ke tura cen daga faifai zuwa faifai. A jikin wani ɗan kunnen ƙarfe take rataye. Na tambaye ta ko tana da abin faɗa. Ta ce ita dai tana iya ƙoƙarinta, sai dai tun farkon damina kullum da ciwon kwankwaso take wayar gari, ba ta san dalili ba. Na ce kowa ma haka yake tashi, ni kin taɓa jin na yi wa wani ƙorafi? Na juya na bar ta. Sukurorin nan suka haɗa baki suka bi ni da sannu Malam, ni kuma, sakarai, na amsa. Ta tsakanin sifok na ga rana ta fara ɓuya a bayan kafaɗar Tudu.

Na dawo girmana a tsakiyar kasuwa, sai ga Munzali. A ƙasar 'ya'ya ne ke girme wa iyayensu, kuma ba wanda abin ya dama. Ya zo da farin gemu har ƙirji, yana dogara sanda, da fararen kayan aikinsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ni na kama shi ya miƙe. Bai taɓa hannuna ba. Tayar Zalɓe ya naɗa wa abin awon jinin, ya matsa, ya matsa, ya kara kunne, ya girgiza kai ya ce ya hau sosai. Na ce taya ce, in iskarta ba ta hau ba ina amfaninta? Ya ce duk haka suke cewa.

Ya kama hannuna ya kai ni gindin wata tsamiya ya nuna mini wurin da aka tanadar mini. Tsofaffi ne sa'o'ina a kan kekuna masu gudu ɗaya, suna zagaya wani turmi a hankali, kowa da filo a kan sirdi. Ba sa zuwa ko'ina, kuma ba sa gumi. Ɗaya ya ɗago mini hannu ya ce in shigo, nan ba tudu ba gangare, in ka gaji da zagayawa ta dama a juya ka ta hagu. Na tambaye shi yaushe rabonsa da ganin bayan gari. Ya yi tunani ya ce wane gari? A nan na ji tsoro, tsoro na gaske. Ba mutuwa na ji wa tsoro ba, wannan turmin na ji wa.

'Yan kasuwa suka taru a kaina. Mai tumatir ta ce sannu, mai gwanjo ya ce sannu, wani da ke sayar da gangare ƙulli-ƙulli ya ce sannu Baba, ga na tsofaffi mai sauƙi. Ni kuma ina ta yauwa, yauwa, kamar an kunna ni. Duk amsa ɗaya sai in ji Tudu ya yi gyatsa a bayana.

Sai aka ce ga inuwoyi nan. Suka shigo gari garke guda, sun ƙoshi, kowace ta nemi mai ita ta kwanta a ƙafarsa. Tawa ce ta ƙarshe, tana tafe tana jan ƙafa tana waige, na gane jinkiri take yi mini da gangan, Allah ya saka mata. Zabuwa ta hau kan turmi ta ce da zarar inuwar nan ta taɓa ƙafata lokaci ya cika, don haka a fara shiri. Aka turo gudumar Sallau a amalanke, don ta yi girman da mutum ɗaya ba ya ɗauka. Shi kuma yana biye cikin babbar riga yana naɗe hannu, ya ce ai tun jiya ya gaya mini.

Aka shimfiɗa tabarmi biyu, ɗaya ta Zalɓe, ɗaya tawa. Zabuwa ta ce ba a datse wa keke cen a tsaye, sai an kwantar da shi. Na riƙe hannun Zalɓe gam, na ce wanda ya isa ya zo ya karɓa. Ba wanda ya matso. Sallau ya dubi Munzali, Munzali ya dubi ƙasa.

Sai taro ya dare, Ladidi ta fito da bokiti a hannu, da ɗankwalinta na aikin safe. Ta ajiye bokitin, ta ɗora hannunta a kan nawa, ni kuwa tun da muke ban taɓa iya ƙwace abu daga hannun matar nan ba, na saki. Ta shafa sirdin, ta kakkaɓe masa ƙura da gefen zane, ta juya kansa, ta yi bisimilla ta kwantar da shi a hankali kamar mai kwantar da jariri.

Ta ce, “A kan dama ake kwanciya.”

Na ji wani ɗan sauti, ƙyas, ƙarami ƙwarai. Ina tsaye daidai bayan tayar, don haka na gani da idona. Duk nauyin Zalɓe ya sauka a kan ƙafar giya, ta daki ƙasa, ɗan kunnen da take rataye a jiki ya ƙara lanƙwashewa ciki. Na ɗaga keken na tsayar, na tsuguna a bayansa na rufe ido ɗaya. 'Yan tayoyin nan biyu da ya kamata su sauko a miƙe ƙarƙashin faifai sun karkace sun nufi sifok, kamar ƙafar gwame. Ashe ciwon kwankwason ke nan. Baiwar Allah ta faɗa mini da bakinta na gwale ta.

Na miƙe na ce ba mai datse komai, Zalɓe lafiyarsa ƙalau, kwanciyar da ake yi masa ce ba ta karɓe shi ba. Sallau ya ce in kawo ya buga wa kunnen guduma ɗaya ya miƙe. Na ce in gudumar nan ta matso kusa da kekena, ni da shi sai an raba mu. Na nemi sifana, duk kasuwar aka rasa mai ita. Sai wani hannu na dutse ya sauko daga sama ya ajiye mini ta mai shayi, da sauran madara a jikinta. Tudu ya ce daga can cikin gajimare shi ba ya son cin nasara a kan mutumin da ba a bari ya hau ba.

Na kwance ƙafar giya na ajiye a cinyata. Na kama kunnen da bakin sifana na ja shi waje kaɗan, na leƙa ta baya, na ƙara kaɗan, na sake leƙawa. Ƙarfen mai laushi ne, in ka yi masa gaggawa sai ya ɓalle a hannunka, shi ke nan ka yi wa Sallau aikinsa. Inuwata ta iso har gaban tabarma tana kewaye-kewaye kamar mai neman abin da ta yar.

Jama'a suka ga gumi yana zuba, sai suka buɗe baki gaba ɗaya. Sannu Baba. Sannu Malam. Ayya, sannu, da ka huta. Yauwa ta taso mini har maƙogwaro, na danne ta da haƙoran da suka rage mini. Tun da aka haife ni ban taɓa ƙin amsa gaisuwa ba, na ji nauyin abin har cikin ƙashina, amma na yi gum. Suka ƙara, na ƙara yin gum. Wata tsohuwa ta ce ashe Malam ba shi da tarbiyya. Na ɗago sau ɗaya na ce musu:

“Wanda ya ga na faɗi ya zo ya yi mini sannu, zan amsa. Yanzu a tsaye nake, ku ba ni hanya.”

Na ji Tudu ya daina gyatsa.

Na mayar da ƙafar giya, na ɗaure. Na mayar da sukurun sama inda yake tun asali, ya yi hamdala. Na sassauta wa waya ta sami numfashi, sannan na ɗan ƙara mata har ta ce ya isa. Na ɗaga tayar baya na juya feda da hannu ina danna giya. Ƙat, ƙat, ƙat, cen ya bi matakalar nan ɗaya bayan ɗaya ba gardama, ya isa babban faifai ya zauna a tabarmarsa kamar gidan ubansa. Inuwata ta yi tsalle za ta taɓa ƙafata, na riga ta, na ɗora ƙafar a feda. Ta haye bayana muka tafi tare. Zabuwa ta ce wannan ba ya cikin doka, amma ba ya wajenta.

Tudu ya sauke kwalta daga kafaɗa ya shimfiɗa mini. Ya yi tsawon da ban taɓa gani ba, duk yauwar da na yi tun bakin ƙofa tana jikinsa, kuma ba wanda zai hau mini ita. Na sa kai. Feda ta yi laushi, numfashi ya daidaita, gwiwa ta yi ƙorafinta na kullum na ce ta yi shiru. Na wuce turakun lantarki, na wuce kwanar da nake tsaki ban yi ba, na wuce daidai inda aka ɗauke ni hoto. Daɗi ya kama ni har na fara dariya ni kaɗai.

Sai na ji keken ya yi nauyi ta baya. Na duba giya, tana daidai. Na waiga, Munzali ne ya riƙe sirdina da hannu biyu yana bina da gudu. Sandar ta faɗi tun a ƙasa. Gemun yana zubewa a hanya, yana gudu yana ƙanƙancewa, har ya koma ɗan yaron nan mai faɗuwar haƙorin gaba da na koya wa keke a filin makaranta. Bai ja ni baya don mugunta ba, riƙewa kawai yake yi, amma nauyinsa ya fi na tudun. Feda ta fara tsayawa, ƙafata ta hagu ta fara neman ƙasa da kanta.

Na ce, “Munzali, saki.”

Ya ce, “Baba, tsoro nake ji. In na saki ka faɗi fa?”

Tausayinsa ya kama ni har idona ya kawo ruwa, amma ban sauke ƙafar ba. Na ce, “Ranar da na koya maka, ni ma haka na bi ka a guje ina riƙe da sirdi. Ka faɗi, ka fasa gwiwa, uwarka ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Amma na saki. Kai ma saki.”

Ga ƙolin tudu nan a gabana, har ina hango bishiyar da muke hutawa a gindinta. Na ji yatsunsa sun fara sassautawa, ɗaya, sannan wani.

Ƙwaram.

Na buɗe ido. Ɗakina ne, asuba ta gabato, ana jin ruwa yana zuba a bokitin ƙarfe. Famfonmu sai da asuba yake kawo ruwa, lokacin ina barci ko ina masallaci, shi ya sa ban taɓa ganin abin da ake yi a gindinsa ba. Na fito ko takalmi babu. Ladidi tana jera bokitai a ƙarƙashin rumfa, Zalɓe kuma yana shimfiɗe a kan siminti, a kan damansa, har ta sa masa tsumma a ƙarƙashin hannu don kada ya kuje.

Na tambaye ta tun yaushe take haka. Ta ce tun da na kawo shi nan yake tare mata famfo, kullum takan kwantar da shi ta ɗebi ruwa, ta mayar da shi yadda na bar shi kafin in dawo. Na ce me ya sa take kwantar da shi ta dama? Ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

Ta ce, “Haba Malam. Abin da kake ji da shi haka, in kwantar da shi ta hagu sai ka ce wani tarkace?”

Na ɗaga Zalɓe na tsayar, na tsuguna a bayansa, na haska tocila na rufe ido ɗaya. Ga ƙafar giya nan ta karkace ta nufi sifok, sak yadda na gani.

Na ce mata daga yau in ya zama dole ya kwanta, ta hagu zai kwanta, Allah ya san niyyarta. Na ce ta ɗauko mini sifana a kan taga kafin a tayar da salla. Ta kawo, ta tsaya tana kallona ruwa yana ambaliya daga bokiti, ta tambaya ko ta kira Munzali ta ce masa an fasa hawan tudun.

Na ce, “Ki kira shi. Ki ce ya zo gindin tudu ya tsaya inda zan gan shi, amma hannunsa a aljihu.”